Yadda ake shiga kwamitin kula da makarantar gwamnati ta unguwa, da yadda ake riƙe aikin

Kusan kowace makarantar firamare da ƙaramar sakandare ta gwamnati a Najeriya tana da kwamitin jama'ar gari da ake kira SBMC, ko da kuwa a takarda kawai yake. Majalisar Ilimi ta Ƙasa ce ta amince da kafa shi a 2005, shekara guda bayan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 wadda ta mayar da karatun shekara tara kyauta kuma dole. Daga baya shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008, ya raya kwamitocin a Kano, Jigawa, Kaduna, Kwara, Legas da Inugu, inda kowace jiha ta tsara nata littafin jagora. Aikin sa kai ne. Babu albashi, kuma a ƙa'ida babu kuɗin zama. Wanda ke hangen kwangila gara tun yanzu ya nemi wata ƙofar.

Kafin komai, a bambanta shi da PTA, domin mutane da yawa suna cakuɗa su. PTA ƙungiyar iyaye da malamai ce, ta masu 'ya'ya a makarantar. Shi kuwa SBMC na gari ne baki ɗaya: mai ɗa a ciki da marar ɗa, ɗan kasuwa, liman, tsohon ɗalibi, mai sana'ar hannu. PTA ma wakilai take turawa cikinsa.

Fara da zuwa makarantar da ƙafarka

Je ka ga shugaban makaranta ranar aiki, da hantsi, bayan an gama taron safe yara sun shiga aji. Ka gabatar da kanka, ka faɗi unguwarku, sannan ka yi masa tambaya uku: akwai kwamiti, yaushe aka kafa shi, kuma yaushe ya yi zama na ƙarshe? Ka roƙi a nuna maka littafin da ake rubuta bayanan taro. Littafin nan shi ne ma'auni. Idan shafinsa na ƙarshe ya shekara biyu, ko kuma duk sa hannun da ke ciki da biro ɗaya da rubutu ɗaya aka yi shi, to kwamitin suna ne kawai. An tara sunaye ne ranar da ake buƙatar buɗe asusu, aka watse.

Daga nan ka wuce ofishin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma. Sakataren ilimi ne shugaban wurin, amma wanda ya fi amfani a gare ka shi ne jami'in sashen wayar da kan jama'a, domin kwamitocin makarantu a ƙarƙashinsa suke. Shi zai gaya maka wa'adin kwamiti a jiharku da lokacin sabunta shi, kuma a wurinsa ko a SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, za ka samu littafin jagora. Ka yi hotonsa ka riƙe naka. Duk gardamar da za ta taso nan gaba, kan wa zai sa hannu a cek ko mutum nawa ne za su isa a yanke shawara, a cikinsa amsar take.

Kujerar da za ka nema

Ba a shiga kwamitin a matsayin "mai son ci gaban ilimi" kawai. Kujeru ne da aka ware wa rukunoni, kuma yawan 'yan kwamiti bisa tsarin ƙasa yakan tsaya tsakanin 12 zuwa 19, gwargwadon yadda jiha ta tsara. Akwai shugaban makaranta, wakilin malamai, wakilin mai unguwa ko dagaci, wakilan PTA, tsofaffin ɗalibai, ƙungiyar mata, malaman addini, masu sana'a, ƙungiyar ci gaban unguwa, da ɗalibai biyu, mace da namiji. Duba ta wace ƙofa ka dace. Idan a nan ka yi firamare, kujerar tsofaffin ɗalibai ta fi sauƙi, domin sau da yawa a buɗe take. Idan kafinta ne kai ko birkila ko mai walda, kujerar masu sana'a taka ce, kuma babu wanda kwamiti ya fi buƙata kamarka ranar da aka kawo kiyasin gyaran rufi.

Rukunin da kake wakilta ne ya kamata ya tsayar da kai, a tabbatar a babban taron jama'a. Don haka ka nemi shugabannin rukunin naka tun da wuri, ka kuma kai gaisuwa wurin mai unguwa. Ba izininsa kake nema ba, amma duk taron da aka kira ba da saninsa ba, rabin gari ba zai zo ba. A Jamhuriyar Nijar, inda ake kiran irin wannan kwamiti COGES sannan daga baya CGDES, an rungumi zaɓen shugabanni ta ƙuri'ar asiri. Dabara ce mai kyau a ara: a ɗaga hannu, babu talakan da zai ƙi zaɓar ƙanin dagaci yana kallonsa. 'Yar takarda da kwali ɗaya sun isa.

Idan kwamitin ya mutu, kada ka tsaya jiran wa'adi. Ku haɗu mutum biyar ko shida daga rukunoni daban-daban, ku rubuta wa sakataren ilimi takarda ta hannun shugaban makaranta kuna neman a kira taron sabuntawa. Ku sa rana bayan sallar La'asar ko safiyar Asabar, ba ranar kasuwa ba, a yi shela a masallatan unguwa da coci inda akwai, a kuma sanar a makarantar Islamiyyar matan aure.

Shugabancin kwamiti ba na hedimasta ba ne. A tsarin da aka saba, shi sakatare ne, shugaba kuma daga cikin jama'a yake fitowa, haka ma'aji. Inda aka bari hedimasta ya zama shi ne wuƙa shi ne nama, an kashe dalilin kafa kwamitin. Sabon shiga kuma bai kamata ya fara da neman shugabanci ba. Shekarar farko ta koyon hanya ce.

Abin da ke hannunku da abin da ba ya hannunku

Kwamiti ba ya ɗaukar malamin gwamnati aiki, ba ya korarsa, ba ya yi masa canjin wuri, ba ya taɓa albashinsa. Wannan na hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ne da SUBEB. Ba ya sauya manhaja. Ba ya kuma ɗora wa yara kuɗin dole: dokar 2004 ta ce karatun kyauta ne, ta kuma tanadi tarar da ta kai naira 10,000 ko ɗaurin wata uku ga wanda ya karɓi kuɗi saɓanin haka. Gudummawar son rai daga jama'a daban, korar yaro daga aji don bai kawo kuɗin alli ba daban.

Abin da ke hannunku shi ne sa ido, tsara abin da makaranta ta fi buƙata, tara gudummawa, kula da kuɗin tallafi, jawo yaran da ba sa zuwa, da kai kuka sama a rubuce. Mai jin wannan zai ce ai babu wani iko. Akwai, amma duk a cikin lissafi da takarda yake. Jami'in da zai share maganar baki yakan yi tunani sau biyu kafin ya share takarda mai kwanan wata, mai adadi, mai sa hannun mutum goma sha biyar da hatimin mai unguwa.

Ƙidayar farko

A makon farko ka sayi littafi mai kauri guda, ku zaga makarantar ku uku, da mace ɗaya aƙalla. Aji-aji za ku bi. A kowane aji ku rubuta yawan yaran da ke cikin rajista, maza da mata daban, sannan ku ƙirga waɗanda ke zaune a gabanku. Tazarar da ke tsakanin adadin biyu ita ce labarin makarantar na gaskiya. Ku maimaita ƙirgar sau uku: ranar Talata ta yau da kullum, ranar kasuwar garin, da ranar Juma'a. Ku kuma dawo bayan tara, wato bayan hutun cin abinci, domin a makarantu da yawa ajin da ya cika da ƙarfe takwas rabinsa ne ke komawa da sha ɗaya.

Ku ƙirga bencina masu lafiya da karyayyu daban. A ce aji na da yara 90 da benci 12 masu ɗaukar uku-uku: ana buƙatar 30, saura 18 ke nan. Kafin a yi maganar sabo, ku leƙa sito ko bayan aji inda ake jibge karyayyun. Yawancinsu ƙarfen yana nan lafiya, katako da noti kawai suka tafi, kuma gyara ya fi sayen sabo araha. Ku duba allo ko har yanzu alli yana kama shi, ku duba daɓe, tagogi, ƙofofi, da silin. Tabon ruwa mai launin ƙasa a jikin silin alama ce ta kwanon da ya huje ko ƙusar da ta saki. Ku ƙirga ramukan bandaki masu aiki, ba ginin ba, ku ga ko na 'yan mata a ware yake kuma yana da ƙofa mai sakata. 'Yan matan aji biyar da shida da na ƙaramar sakandare suna daina zuwa ne a kan wannan fiye da yadda iyaye maza suke zato, kuma ba za su faɗa a gaban taro ba.

Sannan malamai. Nawa ne a takarda, nawa ne a aji, nawa ne mata, wa ke koyar da lissafi da Turanci? Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ku raba yawan yaranku da yawan malaman da ke shiga aji, ku rubuta abin da ya fito.

Abu na ƙarshe da akan manta: iyakar fili. Ku tambaya ko akwai takardar filin makarantar ko taswirar safiyo. Cin filin makaranta a hankali yake farawa, da rumfar mai shayi, sai kwantena, sai bulo. Idan kuɗin katanga bai samu ba, a kira mai unguwa da dattawan da suka san asalin iyakar, a kafa turakun siminti a kusurwa huɗu, a dasa darbejiya a layi, a rubuta a littafin taro da sunayen shaidu.

Tsarin shekara

Daga wannan ƙidaya ake fitar da tsarin raya makaranta, wanda kusan duk mai ba da tallafi zai fara tambaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jera buƙatu ashirin, a sa katanga da sabon gini a sama, shekara ta ƙare ba a yi ko ɗaya ba. Ku zaɓi uku ko huɗu. Ku kasa su gida uku: abin da za ku iya ba tare da kuɗi ba, kamar bibiyar yaran da suka daina zuwa; abin da gudummawar gari za ta iya, kamar gyaran benci da famfo; da abin da sai gwamnati, kamar ƙarin malamai da gini. Kowane aiki a rubuta kuɗinsa, wanda zai tsaya a kai da sunansa, da watan da za a gama. "Kwamiti zai duba" ba suna ba ne.

A bi yanayin shekara. Gyaran rufi a watan Maris ko Afrilu ake yinsa, domin iskar farkon damina ce ke yaye kwano, kuma falle biyu da aka bari suna kaɗawa su ne ke jawo a rasa rufin aji gaba ɗaya. Bandir ɗin kwano falle 20 ne. Kafinta ya hau ya ƙirga waɗanda suka lalace a gaban ɗan kwamiti, ya kuma duba katakon da gara ta ci, don sabon kwano a kan ruɓaɓɓen katako asarar kuɗi ne. Neman gudummawa kuwa da kaka ya fi, lokacin da manomi ke da abin bayarwa. Wanda ba shi da kuɗi ya ba da tiya biyu ta gero, ko tifar yashi, ko kwana ɗaya na aikin hannu, duk a rubuta da kimarsu. Yekuwar sa yara makaranta kuma a fara ta makonni kafin sabuwar shekarar karatu ta Satumba.

Kuɗi, inda kwamitoci suke mutuwa

Tallafi yakan shigo kai tsaye asusun kwamiti. An yi haka a shirin NIPEP na tallafa wa karatun firamare a Jigawa, Kaduna, Kano, Katsina da Sakkwato, ana yi a shirin AGILE na Bankin Duniya mai kula da karatun 'yan mata a sakandare, UBEC, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, ita ma tana da nata shirin gyaran makarantu ta hannun kwamitoci. Ranar da aka ji kuɗi sun shigo, mutanen da ba su taɓa zuwa taro ba za su bayyana. Saboda haka ƙa'idojin a kafa su tun asusu yana wayam.

Asusu da sunan kwamitin makaranta za a buɗe, ba da sunan mutum ba. Masu sa hannu yawanci uku ne, shugaba, ma'aji da shugaban makaranta, kuma ba a fitar da ko sisi da hannu ɗaya. Kada kowa ya sa hannu a cek ɗin da ba a cike ba, ko da zai yi tafiya Umara ne. Duk fitar kuɗi sai an amince da ita a taro an rubuta. Kafin sayen kaya masu tsada a karɓo farashi a rubuce daga wurare uku. Ɗan kwamiti ba ya karɓar aikin da shi ya amince da kuɗinsa. Idan ɗan'uwansa ne ke nema, ya faɗa, ya fita waje har a gama shawara. Ma'aikaci a biya shi kashi-kashi: na sayen kaya, na tsakiyar aiki, sannan a riƙe wani abu sai an duba an gamsu. Wanda aka biya duka tun farko, sai dai a riƙa jin wayarsa a kashe.

Ma'aji ya riƙe littafi mai layi biyar: kwanan wata, bayani, shiga, fita, saura. Kowane rasit a manna shi a fayil da lamba. Mai yashi da ɗan dako ba su da rasit, don haka a rubuta musu takarda su sa hannu ko su dangwala. A ƙarshen kowane zango a rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe a babbar takarda, a liƙa a bangon ofishin hedimasta ta waje inda kowa zai gani. Wannan takarda ɗaya tana kashe tsegumin majalisa fiye da rantsuwa goma.

Wani lokaci za a zo a ce a "mayar da wani abu sama", ko a ce ga ɗan kwangilar da za ku ba. Amsar da ta fi tsare mutum ita ce, "Ranka ya daɗe, a ba mu a rubuce mu sa a fayil." Ba a cika kawowa ba. Ku tuna cewa ranar bincike sa hannunku za a gani a cek, ba na wanda ya yi waya ba.

Malamin da ba ya zuwa

A nan sabbin 'yan kwamiti suka fi yin ɓarna. Kada ka shiga aji ka tsawata wa malami a gaban ɗalibansa, kada ka tsaya a bakin ƙofa da agogo kamar ɗan sanda. Ku raba ranaku, mutum biyu su leƙa sau ɗaya ko biyu a mako ba tare da an san ranar ba, su gaisa da shugaban makaranta, su duba littafin sa hannun malamai, su zaga. Idan an ga suna a littafi babu mutum a aji, a rubuta rana da lokaci. Bayan mako uku ko huɗu sai a zauna da shugaban makaranta, shi ya kira malamin. A fara da tambaya. Sau da yawa za a tarar malama ce da aka turo daga cikin birni, kuɗin mota yana cinye rabin albashinta, kuma ɗaki ɗaya da gari zai ba ta ya warware matsalar. Idan an yi magana sau biyu babu canji, sai a rubuta wa sakataren ilimi, a haɗa da ranakun.

Duka mai rauni ko zargin lalata da yaro ba ya cikin abin da ake sasantawa a zaure. A tsare sirrin yaron, a sanar da iyayensa da hukumar ilimi a ranar, a kai asibiti da wurin 'yan sanda. Ɗan kwamiti shi ma kada ya keɓe da ɗalibi shi kaɗai.

Yaran da suka ɓace daga rajista

Malamin aji ya ba ku sunan duk yaron da ya yi mako biyu bai zo ba. Mata ne za su shiga gida, domin namiji iyakarsa zaure, kuma dalilin yana ciki: talla, raino, yagaggen yunifom, ko maganar aure. Shi ya sa kujerun mata ba ado ba ne. Inda mata ba sa sakin jiki a gaban maza, su yi nasu zaman kwana biyu kafin babban taro, wakiliyarsu ta kawo abin da suka tsayar, a karanta shi a matsayin batu na kansa a ajanda. Haka ma ɗalibai biyun da ke cikin kwamiti: malamar da suka yarda da ita ta zauna da su tukuna, in ba haka ba za su yi shiru ne har a tashi. Maganar talla kuma ba a cin ta da wa'azi, tunda da ribar ake cefane. Abin da ke aiki shi ne a daidaita da uwa a mayar da tallan bayan an tashi daga makaranta.

Taro da takarda

A zauna aƙalla sau biyu a zango, farko da ƙarshe, sannan babban taron gari sau ɗaya a shekara. Kada zama ya wuce awa ɗaya da rabi. Bayan addu'a a karanta bayanan zaman baya, a bi ayyukan da aka raba ɗaya bayan ɗaya, ma'aji ya karanta lissafi, shugaban makaranta ya ba da adadin zuwan yara da malamai, sannan sabbin batutuwa. Siyasar jam'iyya a bar ta a bakin ƙofa. Kansila ya zo da siminti a karɓa a gode, amma ba a liƙa fastarsa a bangon aji ba.

Takardar koke shafi ɗaya ce, buƙata ɗaya. Maimakon "muna fama da ƙarancin malamai", a rubuta yara nawa, malamai nawa, wane aji ne ba shi da kowa tun wane wata, da abin da gari ya riga ya yi da kansa. A yi kwafi uku. A kai ɗaya ofishin sakataren ilimi, a sa magatakarda ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku kwafin, ɗaya kuma a ba hakimi ko dagaci. Bayan mako biyu mutum biyu su koma da kwafin mai hatimi a hannu. Idan wata guda ya wuce shiru, a rubuta ta biyu a ambaci ranar ta farko, a aika kwafi zuwa SUBEB. Idan wa'adinku ya cika, littafin taro, littafin kuɗi, fayil ɗin rasit da waɗannan takardu masu hatimi a miƙa su ga sabon kwamiti a gaban jami'in ƙaramar hukuma, a kuma je banki a sauya masu sa hannu a cikin makon.